Ɗoyi daga tankin bahaya na jirgin ruwa: matatar gawayi za ta magance shi?

Mai Jirgi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana game da tankin da ke tara bahaya a ƙaramin jirgin ruwana. Duk lokacin da aka kora masai, sai ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya fito ta bututun iska, kuma ɗakin kwana ba ya rabuwa da wari ko da an kwashe tankin. Faɗin bututun milimita 16 ne, tsawonsa ya kusa mita uku, kuma ya lanƙwasa sau biyu. An ce in sa masa matatar gawayi. Shin hakan zai wadatar?

Bakanike:
Wa'alaikumus salam, Malam. A ganina matatar za ta ɓoye ciwon ne kawai. Ƙwayoyin bakteriya iri biyu ne ke aiki a cikin tankin: waɗanda ke rayuwa da iskar oksijin suna narkar da bahaya ba tare da ɗoyi ba, waɗanda kuwa ke yaɗuwa inda babu iska su ne ke haifar da wannan iska mai warin ƙwai. Bututu siriri, dogo, mai lanƙwasa yana barin iska ta fita idan aka kora masai, amma ba ya shigar da sabuwa yadda ya kamata, ita kuma matatar ƙara toshe hanyar take yi, sannan da zarar ta jiƙe ta tashi aiki. Ka sauya bututun da mai milimita 25, ka gajarta shi zuwa ƙasa da mita ɗaya da rabi, ya riƙa hawa a hankali ba tare da kwari a tsakiya ba, domin duk inda ya yi kwari ruwa zai kwanta ya rufe shi. Idan da hali, bututu biyu, ɗaya a kowane gefen jirgin, sun fi ɗaya, saboda iska za ta ratsa tankin.

Tsohon Matuƙi:
Bakanike ya yi gaskiya, sai dai warin ɗakin kwana wata matsala ce daban, kuma tiyon da bahaya ke bi nake zargi. Idan bahaya ya daɗe kwance a cikin tiyo, wari yana ratsa jikin robar. Ka jiƙa tsumma da ruwan zafi, ka naɗe tiyon a wurin da ya fi yin ƙasa, ka bari ya huce, sannan ka cire tsumman ka shinshina shi a waje. Idan ya ɗauki wari, wanki ba zai yi amfani ba, sai an sauya tiyon. Inda hanyar ta miƙe, fayif na PVC ya fi, tunda wari ba ya ratsa shi.

Mai Jirgi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ita ragar da ke bakin bututun fa, a bar ta?

Bakanike:
Ni dai cire ta nake yi, domin tsatsa da gishiri suna toshe ta. Zanzaro ma yakan yi gini a wurin, don haka ka riƙa dubawa kana ɗauraye bututun da ruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: idan ya toshe aka kunna injin zuƙe bahaya, tankin na iya lotsewa har ya tsage.