Muhawara: Wa Ke Cin Moriyar Aikin Sa Kai na Ɗan Gajeren Lokaci a Ƙasashen Waje?

Malam Isiyaku: Assalamu alaikum. Ina so in ajiye wata magana a gaban 'yan wannan zaure, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Yanzu kamfanoni sun yi yawa waɗanda ke karɓar kuɗi a hannun matasa, su kai su wata ƙasa mai tasowa na mako biyu ko uku da sunan gina aji, ko koyar da yara, ko zama da marayu, sannan su mayar da su gida da takardar shaida. Ra'ayina shi ne, mai tafiyar ne yake cin moriyar irin wannan tafiya, ba mutanen da aka je dominsu ba, kuma sau da yawa ɓarnarta ta fi gyaranta. Abin da mutum ɗaya zai kashe a kuɗin jirgi da biza da masauki da inshora, da an miƙa shi ga mutanen wurin, da ya biya magini da leburorinsa, kuma kuɗin ya zagaya a cikin garin. Wannan ƙorafi ba yau aka fara shi ba. Tun a 1968 masani Ivan Illich, wanda a lokacin yake zaune a ƙasar Meziko, ya tsaya a gaban ɗalibai masu shirya irin wannan aiki, ya ce musu su zo su ga ƙasa, su zo su yi karatu, amma kada su zo da sunan taimako.

Hajiya Saude: Wa alaikumus salam, Malam. Ina jin tsoron kada mai karanta maganarka ya yi wa duk aikin sa kai kuɗin goro. An kafa ƙungiyar aikin sa kai ta VSO a Birtaniya a 1958, Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps a Amurka a 1961, Japan kuma ta fara tura nata matasan a 1965. Waɗannan galibi shekara biyu mutum yake yi, bayan an horar da shi, an koya masa harshen wurin da za shi. A shekarun da ƙasashe da dama suka sami 'yancin kai, an buɗe makarantun sakandare fiye da yadda ake da malaman da za su riƙe su, kuma masu aikin sa kai sun cike wani ɓangare na wannan giɓi. Malamar da ta sa na daina tsoron lissafi irinsu ce, kuma har yau ina yi mata fatan alheri. Ƙari a kan haka, ba daga ƙasashe masu arziki kaɗai ake fita ba. Najeriya ta kafa shirin Technical Aid Corps a 1987, tana tura likitoci da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu, kuma mafi yawan masu aikin sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, shirin da aka kafa a 1970, 'yan ƙasashe masu tasowa ne.

Malam Isiyaku: Hajiya, shi ya sa na ambaci mako biyu ko uku. Ƙwararren da gwamnatin wata ƙasa ta nema da bakinta, ya je ya zauna shekara biyu, ba shi nake nufi ba. Duk da haka, ko Peace Corps ɗin ba ta ɓoye cewa cikin manufofinta uku ɗaya ce kawai ta shafi samar da ƙwararru. Sauran biyun su ne a fahimci Amurkawa a waje, kuma Amurkawa su fahimci mutanen waje. Wannan ba laifi ba ne, amma yana nuna cewa tun daga tushe an san wanda ya tafi yana cikin masu amfana. Kuma a shekarar farko ta shirin aka tsinci katin gaisuwar wata matashiya 'yar shirin a Ibadan, wanda ta bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani, har ɗaliban jami'a suka yi zanga-zanga. Abin da kati ɗaya ya yi a 1961, yau hotuna dubbai suke yin sa a Instagram, yaron wani yana rungume a hannun baƙuwa ba tare da an nemi izinin iyayensa ba.

Injiniya Bello: Bari in yi magana a kan gini, domin shi na sani. Na taɓa duba wani aikin aji biyu wanda wata ƙungiya ta kawo baƙi su taya ginawa. Matasa ne masu ladabi da himma, ba su ƙi rana ba, ba su ƙi ɗaukar yashi ba. Amma jera bulo sana'a ce. Mai koyo yakan cika kwaɓi a gefe ɗaya, layi ya karkace, haɗin bulon sama ya faɗo daidai kan na ƙasa maimakon ya hau tsakiya, kuma irin wannan bango ba ya ɗaukar nauyin rufi. Da yamma, bayan an mayar da su masauki, maginin yakan ja igiya ya duba, ya cire abin da bai zauna ba tun siminti bai kama ba, ya sake jerawa. Bai taɓa faɗa musu ba, domin yana ganin rashin kunya ne a kunyata baƙo, kuma yana tsoron kada ƙungiyar ta janye kuɗinta. Abin da ya fi damuna ma ba bangon ba ne. Leburorin da aka saba ɗauka su kwaɓa siminti su ɗebo ruwa, a waɗannan kwanaki ba a ɗauke su ba, saboda ga masu yi kyauta. A ƙasashen da ake kai waɗannan matasa, ƙarfin hannu shi ne abin da ba a rasa ba. Abin da aka rasa shi ne kuɗin kayan aiki da albashin malamin da zai shiga ajin bayan an rufa shi.

Nafisa: Ina neman izinin iyayena da yayyena in saɓa kaɗan, domin na yi irin wannan aiki, ko da yake nawa na wata uku ne. Malam, lissafin da ka yi na kuɗin jirgi yana da rauni a wuri ɗaya: ya ɗauka cewa wanda aka hana shi tafiya zai ɗauki kuɗin ya aika wa magini. A gaskiya mafi yawansu ba za su aika ba, wani abin daban za su yi da kuɗinsu. Saboda haka ba a tsakanin tafiya da aikawa ake zaɓi ba, a tsakanin tafiya da rashin komai ne. Sannan tsarin da na shiga ya haɗa kowane baƙo da matashi ɗan ƙasar, muna kwana a gida ɗaya, muna aiki ɗaya, kuma shugabar aikin 'yar garin ce. Birtaniya ma ta gudanar da shiri mai irin wannan tsari, International Citizen Service, daga 2011. Aikin da aka ba ni ba abin ɗaukar hoto ba ne: tattara sunayen 'yan matan da suka daina zuwa makaranta daga rajistar ajujuwa, in shigar a kwamfuta, abokiyar aikina kuma ta bi gidajensu, tunda ita ke jin harshe kuma ita iyaye za su buɗe wa ƙofa. Ban karɓe aikin kowa ba, domin babu kuɗin da aka ware wa wannan aiki tun farko.

Dakta Maryam: Nafisa, abin da kika bayyana ba ni da ja a kansa, amma ba shi ne abin da aka fi sayarwa ba. Abin da aka fi sayarwa shi ne gidan marayu, kuma a nan nake ganin maganar Malam Isiyaku ma ta yi sauƙi. A Kambodiya yawan gidajen marayu ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, a lokacin da baƙi masu ziyara suke ƙaruwa, kuma binciken da aka yi tare da UNICEF ya nuna cewa mafi yawan yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Yadda abin yake tafiya a fili yake. Baƙo yana biyan kuɗi don ya zauna da marayu, mai gidan yana buƙatar yara don baƙi su ci gaba da zuwa, sai a je wurin iyaye matalauta a yi musu alkawarin karatu da abinci, su miƙa ɗansu. Gidan da ya gyaru sosai kuma ba ya jawo tausayi, don haka akwai riba a bar yaran cikin tsumma. Bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, an kama Amurkawa goma 'yan wata majami'a suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33, daga baya aka gano yawancin yaran suna da iyaye. Abin ya kai ga Ostireliya ta amince a 2018 cewa safarar yara zuwa gidajen marayu nau'i ne na bautar zamani.

Ko a gidan da ba a yi wa kowa ƙarya ba, akwai cutar da ba a gani da wuri. Yaro ƙarami yana buƙatar mutum ɗaya tabbatacce da zai shaƙu da shi. Idan duk bayan mako biyu wata sabuwar fuska ta ɗauke shi, ta yi masa wasa, ta yi kuka ta tafi, abin da yake koya shi ne duk wanda ya so shi tafiya zai yi. Yaron da ya rugo ya ƙanƙame ƙafar baƙon da bai taɓa gani ba, baƙon yakan ɗauka ƙauna ce, alhali mu a wurin aiki alama ce da ke sa mu damu. Kuma kamfanoni nawa ne suke bincika tarihin mutum kafin su bar shi shi kaɗai da yara?

Hajiya Saude: Dakta, a kan gidan marayu bakinmu ɗaya, kuma da ina da iko da na rufe wannan ƙofa gaba ɗaya. Amma gajartar lokaci ba ita ce cutar ba. Likitan ido da ya je na kwana goma ya cire wa tsofaffi yanar ido, ya tafi ya bar su suna gani, wa zai ce bai amfane su ba? Lokacin da Ebola ta ɓarke a Gini da Laberiya da Saliyo a 2014, ma'aikatan lafiya daga ƙasashe da dama sun je na 'yan makonni, wasu sun kamu da cutar, kuma ba don hoto suka je ba.

Dakta Maryam: Gaskiya ne, Hajiya, sai dai waɗannan mutane ne masu lasisi, suna yin aikin da suka shekara suna yi a gida. Ko ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, mafi yawan ma'aikatanta 'yan ƙasar da take aiki a ciki ne. Tiyatar idon ma tana cin nasara ne idan akwai ma'aikacin wurin da zai duba majiyyaci bayan baƙon ya tafi, ya gane ido ya kamu da ƙwayar cuta tun bai lalace ba. Abin da nake ƙi shi ne ɗalibin da bai gama karatu ba a ba shi allura da zare ya ɗinke rauni, ko a tsayar da shi karɓar haihuwa, abin da a ƙasarsu doka ba za ta bar shi ya kusanta ba. Matar da ke kan gado ta ga farar riga ta ɗauka likita ne, kuma babu wanda ya gaya mata akasin haka.

Malam Isiyaku: Nafisa, 'yata, hujjarki ita ce mafi ƙarfi da aka kawo, kuma na yarda da yawa ba za su aika da kuɗin ba. Amma idan haka ne, a kira abin da sunansa: tafiyar ilimi ce da mutum ya biya wa kansa, mutanen garin kuma su ne malamansa, ya kamata a biya su ladan koyarwa, ba a sa su yi godiya ba. Kuma rashin komai ya fi wani abu idan wannan abin shi ne raba yaro da uwarsa ko hana lebura aikin yini. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A watan Maris na 2020, da cutar korona ta bazu, Peace Corps ta kwashe dukkan mutanenta, kimanin 7,000, daga ko'ina a duniya cikin ɗan lokaci. Ban ga laifinta ba, haƙƙinta ne ta kare su. Amma duk aikin da aka jingina a kan baƙo a ranar ya tsaya, wanda kuma ke hannun 'yan gari ya ci gaba.

Nafisa: Baba, na karɓi sunan tafiyar ilimi, ba na jin kunyarsa. Abin da ban karɓa ba shi ne a ce ilimin a kan matafiyi yake ƙarewa. Cikin waɗanda muka yi aiki tare, akwai waɗanda har yau suke tara wa makarantar kuɗi ta hannun kwamitin iyaye, kuma da ba su je ba, da ba su san da ita ba.

Injiniya Bello: To, a nan ne nake son a riƙa tambayar kamfani tun kafin a biya shi: wa ya nemi wannan aiki, kuma akwai takarda daga kwamitin garin ko hukumar ilimi ta wurin? Nawa ne daga kuɗin zai isa wurin aikin? Kamfanin da ya ƙi nuna wannan rabo a rubuce, ni ba zan bar ƙanena ya bi shi ba. Ƙungiyar gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje ta Habitat for Humanity, wadda tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya yi shekaru yana taya ta aiki, tana sa masu gidan su ma su zuba guminsu a ginin, don haka sun san yadda aka yi shi kuma suna jin nasu ne. Rijiyar burtsatse da baƙi suka haƙa suka tafi, ranar da robar famfonta ta cinye, idan ba a koya wa kowa canza ta ba kuma ba a san inda ake sayen ta ba, shi ke nan an koma rafi.

Hajiya Saude: Duk na ji, amma akwai tambayar da ba a amsa mini ba, Malam Isiyaku. Makarantar ƙauye ce, shekara da shekaru ba ta da malamin kimiyya, 'yan ƙasa masu takardar koyarwa sun ƙi zuwa saboda nisa da ƙarancin albashi, jarrabawa kuma saura zango ɗaya. Sai ga baƙo mai digiri a fannin ya ce zai zauna zangon nan kawai. Shugaban makarantar ya karɓe shi ko ya mayar da shi?

Malam Isiyaku: Ya karɓe shi, Hajiya, tunda shi shugaban makarantar ne ya ga buƙatar, kuma mutumin ya iya abin da zai koyar. Amma ya haɗa shi da malamin wurin su riƙa shiga aji tare, ya sa ya bar tsarin darasinsa a rubuce, kuma a ranar da ya iso shugaban ya sake aika wa ma'aikatar ilimi takardar neman malami na dindindin, kada su ji an sami baƙo su cire makarantar daga jerin masu jira.