Shin haihuwa tana kawo ƙarshen 'yar tsere?

Maman Ikram, Gwale:
Assalamu alaikum. 'Yata tana gudun mita 100 a sakandare, kuma malaminsu na wasanni ya ce tana da baiwa. Sai dai dangi suna ganin wahalar banza ce, wai da zarar mace ta yi aure ta haihu, ita da gudu sai kallo. Ina neman ƙarin haske daga masu bibiyar wannan wasa.

Tsohon Koci, Fagge:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tarihin Shelly-Ann Fraser-Pryce ta ƙasar Jamaika ya ishe mu amsa. Ta ci lambar zinare a mita 100 a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, ta maimaita a Landan a 2012, sannan ta haifi ɗanta a 2017, lokacin da mutane da dama suka ɗauka ta gama. Bayan shekara biyu ta lashe gasar duniya a Doha, a 2021 ta yi gudu mafi sauri a rayuwarta, daƙiƙa 10.60, a 2022 kuma ta sake zama zakarar duniya tana da shekara 35. Haihuwa tana dakatar da atisaye na wasu watanni, amma ƙarfin ƙafa da saurin tashi daga layin farawa suna dawowa idan an bi su a sannu ƙarƙashin kulawar likita.

Malam, Kurna:
Ban musa ba, Koci, amma kada mu manta cewa Jamaika tana da gasar makarantun sakandare ta shekara-shekara wadda ake cika filin wasa na Kingston dominta, alhali mu a Kano hankalinmu ya fi karkata ga ƙwallon ƙafa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Mary Onyali, 'yar tseren Najeriya, wadda ta halarci Olamfik sau biyar, ta ci tagulla a mita 200 a Atlanta a 1996, kuma karatun jami'a a Amurka ne ya buɗe mata hanya. Don haka, Hajiya, kada yarinyar ta saki littafi.

Anti Malama, Tarauni:
Na san batun sutura zai taso a gida. Ruƙayya Al-Ghasra ta Bahrain ta ci zinare a mita 200 a gasar ƙasashen Asiya ta 2006 sanye da hijabi, hannuwa da ƙafafu a rufe.

Maman Ikram, Gwale:
Na gode muku ƙwarai. Zan nuna wa mahaifinta wannan bayani kafin mu je wurin malamin nasu.