Wannan harkar musayar tirafik ɗin, tana aiki kuwa ko akawun ɗina zan ƙona?

Sabon_Shiga

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin harkar shafukan intanet ina neman shawara. Ina da ɗan shafi da nake rubutu a kan gyaran waya da kwamfuta, kwanan baya AdSense, wato tsarin Google na saka talla a shafi ana biyan mai shafin, suka amince da ni, amma gaskiya masu shigowa ba su taka kara sun karya ba, in na buɗe dashbod har kunya nake ji. To wani abokina ne ya nuna min wani shafi na musayar tirafik, wato musayar masu ziyartar shafi, wai ka yi rajista ka riƙa buɗe shafukan mutane kana tsayawa daƙiƙa 15 ko 20 a kowanne, su kuma suna ba ka kiredit, da kiredit ɗin ne za a turo maka naka baƙin. Akwai na hannu, akwai kuma wanda za ka sauke manhajarsu ka bar ta tana ta buɗewa da kanta ko kana barci. Har ya ce in ka biya kuɗin wata za su gyara maka ya zama kamar daga Google mutanen suka fito, ka zaɓi ƙasar da kake so, Amurka ko Ingila.

Abin da nake son sani, AdSense za su gane? Kuma da gaske ne yawan masu shiga yana ɗaga shafi a binciken Google? Ita manhajar lafiya take? Na gode.

Malam_Kodin

Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa kar ka fara, musamman tunda akwai talla a shafin. Ba ma maganar za su gane ko ba za su gane ba ce, je ka karanta ƙa'idojin AdSense da kanka, a rubuce yake ɓaro-ɓaro cewa ba a yarda shafin da ke ɗauke da tallarsu ya shiga tsarin da ake biyan mutum don ya danna ko ya leƙa shafi ba, da tsarin leƙe na atomatik, da musayar dannawa. Wato ainihin abin da abokinka ya nuna maka shi suka ambata. Kuma ba sai an danna tallar ba, da yawa nan suke yin kuskure, suna cewa ai ni ban ce kowa ya danna ba. Fitowar tallar kaɗai a gaban wanda ba don Allah ya zo ba ana lissafa ta cikin tirafik na bogi, saboda akwai mai talla can da ke biyan kuɗi a kan fitowar, shi kuma mutum yake son ya gani ba injin da ke ƙirga daƙiƙa ba.

Maganar ganewa kuwa, ka tsaya ka yi tunani yadda abin yake daga ɓangarensu. Shafi ne da jiya mutum kaɗan ke shiga, yau an wayi gari dubbai sun cika shi, dukkansu shafi ɗaya suke sauka, kowa ya tsaya daidai daƙiƙa 20 ya fita, babu mai gangarawa ƙasa, babu mai taɓa komai, da yawansu kuma adireshin intanet ɗinsu na manyan sabobin haya ne ba na gidajen mutane ba, sannan burauzar da ta bar shafinka ita ce dai ta shiga wasu ɗaruruwan shafukan da ba su da alaƙa da juna a jere, kuma yawancin shafukan nan akwai lambar Google a jikinsu ko ta talla ko ta ƙididdiga. Kai kana ganin shafinka kaɗai, su suna ganin layin gaba ɗaya. Shi kuwa wancan na cewa za a sa ya zama kamar daga Google aka fito, shi ya fi ba ni dariya, ka je wa Google da ƙaryar cewa su suka turo maka baƙi alhali su ke riƙe da littafin wanda ya bincika da wanda ya danna.

Hukuncin ma hawa-hawa ne. Wani lokaci ƙarshen wata kawai za ka ga an zaftare kuɗin an mayar wa masu talla. Wani lokaci su taƙaita maka fitowar talla, wanda su da kansu suka ce yawanci bai kai kwana 30 ba amma yana iya wucewa. Mafi muni su rufe akawun ɗin, kuma in an rufe maka saboda tirafik na bogi ba a yarda ka sake buɗe wani ba, akwai fom na ɗaukaka ƙara amma me za ka rubuta a ciki tunda kai ka kai kanka? Mutum yana ta fafutukar ya haɗa dala 100 ɗin da ake fara biya, sai ya rasa duka.

Dan_Hustle

Ni fa ina ganin Malam ya ɗan tsananta. Ba duka ne bot, wato inji, ba, na hannun mutane ne na gaske ke dannawa, ni na yi amfani da shi kuma na samu waɗanda suka yi rajista ta link ɗina. Kowa da yadda ya iya allonsa.

Malam_Kodin

@Dan_Hustle rajistar me suka yi? Ina kyautata zaton rajistar wani shafin musayar ne ko wata harkar neman kuɗi ta intanet, ko ba haka ba?

Dan_Hustle

Eh to, haka ne. Kuma ni ba talla a shafin, shafi ɗaya ne kawai mai hoto da wurin saka imel.

Malam_Kodin

To ka gani. Wannan na yarda, shi ne kaɗai inda abin yake ɗan motsi, saboda duk wanda ke cikin musayar mai neman tirafik ne, in ka tallata masa wata hanyar tirafik zai iya dubawa. Amma shi bawan Allahn nan rubutu yake a kan gyaran waya, wa zai tsaya karanta yadda ake canza sikirin alhali idonsa na kan agogon kiredit?

Aunty_Lissafi

Ƙanina sannu da ƙoƙari. Malam ya gama da maganar talla, bari ni in taɓa tambayarka ta biyu. A'a, ba ya ɗagawa. Google sun sha faɗa cewa ba sa amfani da bayanan Google Analytics, wato ma'aunin masu shiga shafi, wajen jera shafuka a bincike, to lambar da za ka ga ta kumbura a can kai kaɗai take burgewa. Wannan tunanin tsohon yayi ne, tun zamanin Alexa, wani shafi mai jera shafukan intanet gwargwadon yawan masu shigarsu, lokacin da ake auna darajar shafi da matsayinsa a can kuma ana iya yi masa wayo da irin wannan tirafik ɗin, har mutane su nuna wa masu talla ko mai son sayen shafin. Amazon sun rufe Alexa ɗin tun watan Mayun 2022. Har yanzu dai za ka ga wasu shafukan musayar ba su ma cire alƙawarin ɗaga matsayi a Alexa ba, daga nan ka san shekarun da suka yi ba a taɓa su ba.

Abin da ya fi damuna ni shi ne ɓata lissafi, kuma mutane ba sa ɗaukarsa a bakin komai sai ya same su. Yanzu ko mutum 40 ke shigo maka a rana, 40 ɗin nan suna gaya maka gaskiya, ka san wane rubutu ake karantawa, da wace kalma aka nemo ka, ina ake tsayawa ina ake gudu. Da wannan ne za ka san me za ka rubuta gobe. Ka zuba baƙin bogi dubu biyu a kansu, shikenan sun nutse, matsakaicin lokacin zama ya zama na injin, ƙasashen sun zama na injin, komai. Kuma ga wani abu, a Google Analytics na yanzu in ziyara ta wuce daƙiƙa 10 ana sa ta cikin waɗanda suka yi hulɗa da shafin, to masu musayar sun san haka, shi ya sa agogonsu yake wuce 10, sai ka ga alƙalumanka sun yi kyau har ka fara yarda da su, wlh na fi tsoron wannan a kan lambar da ta fito da muni ƙarara. Bayanan da suka riga suka shiga kuma ba ka da madannin da za ka tsince na bogin ka goge, sai dai ka yi ta tacewa duk lokacin da za ka duba.

In kana son madubi na gaskiya buɗe Search Console na Google, kyauta ne, can ne za ka ga sau nawa ka fito a bincike da sau nawa aka danna. Duk kiredit ɗin duniya ba zai motsa wannan ba.

Sannan yi ɗan lissafin nan. A ce tsarin biyu-ɗaya ne, ka leƙa shafi 2 a turo maka mutum 1, kowanne daƙiƙa 20. Kafin ka samu baƙo 1000 sai ka buɗe shafi 2000, daƙiƙa 40,000 kenan, sama da awa 11, ban da data. Kamar masu shago biyu ne su wuni wannan ya shiga shagon wancan ya fito, wancan ya shiga na wannan ya fito, da yamma kowa ya ce yau an yi cinkoso, aljihu kuwa wayam. Awa 11 ai rubutu nawa ne masu kyau?

Mai_Tsaro

Slm. Ni manhajar zan yi magana a kai. Yallaɓai kar ka sauke. Ka gane me kake yi kuwa? Kana ba wa wasu da ba ka sani ba izinin su riƙa buɗe duk shafin da suka ga dama a kwamfutarka, da layinka, da adireshinka, kai kana barci. Su waye ke saka link a ciki? Kowa. Har da mai shafin satar kalmar sirri, da mai tura ka wani wurin daban, da mai sauke maka fayil ba ka nema ba. Tantancewar da suke cewa suna yi, mutum zai iya kawo shafi mai tsabta a amince, bayan nan ya canza abin da ke ciki. A lokacin Coinhive, wata lambar haƙar kirifto da ake sawa a jikin shafi, daga 2017 zuwa 2019 da aka rufe shi, buɗe shafi kawai ya isa a sa na'urarka haƙar kuɗin kirifto, ka ji fanka na ihu ba ka san dalili ba. Kuma in aka yi ɓarna da adireshinka, kai ne za ka fara ganin ko'ina ana tambayarka ka tabbatar kai mutum ne.

Ta ɓangaren shafinka ma, in ƙaramin hostin, wato ma'ajiyar shafi, na haɗaka kake, akwai iyakar da aka yanka maka, in injina suka yi maka caa shafin zai yi nauyi ko ya daina buɗewa, mai karatun gaskiya ya zo ya tarar da ƙofa a rufe.

Wani abu kuma da nake so ka sa ido, ranar da suka ce ka sayi fakitin talla za a riƙa raba maka riba, to ka gudu, an bar maganar tirafik an koma wata. Ba sabon abu ba ne. A 2006 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta tsayar da 12DailyPro, masu alƙawarin kashi 12 cikin 100 kullum na kwana 12 don kawai ka leƙa shafuka. A 2008 aka ƙwace kuɗaɗen AdSurfDaily, mai shi ya ƙare a gidan yari. A 2016 hukumar dai ta kai Traffic Monsoon kotu, ta ce sun tara dala miliyan 207, su fakitinsu dala 50 ne a mayar maka 55. Dukkansu da rigar musayar tirafik suka zo, ciki kuwa kuɗin sabon shiga ake biyan tsoho da shi. Ban ce wanda abokinka ya nuna maka haka yake ba, amma ka san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sabon_Shiga

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma akwai matsala, yanzu na kira abokin nawa in gaya masa na fasa, sai yake ce min ai ya riga ya saka link ɗina da ragowar kiredit ɗinsa wai don in ga yadda abin yake. Na duba kuwa lambar ta haura. Yanzu ya zan yi? Gabana faɗuwa yake.

Malam_Kodin

Kwantar da hankalinka amma ka yi sauri. Ya cire link ɗin yanzu yanzu, gogewa ba dakatarwa ba, ya turo maka hoton shaida. Kai kuma cire lambar talla daga shafin da ake turo su, in ma ba ka tabbata wanne ba ne cire ta gaba ɗaya har sai ka ga lambar ta koma yadda take, asarar kwana biyu ba komai ba ce. Shiga Analytics ka duba inda suke fitowa, ka ɗau hoton ranar da abin ya fara da sunan shafin da ke turowa, ka ajiye. In kana kan Cloudflare, masu tace baƙi kafin su iso shafi, sa doka ta tare duk wanda ya zo daga can, in babu, masu hostin ɗinka za su nuna maka yadda ake toshewa. AdSense suna da fom na kai rahoton dannawar da ba ka yarda da ita ba, cike shi ka faɗi abin da ya faru a taƙaice, kar ka yi dogon labari. Ba wai hakan ya wanke ka ba ne, don a ƙa'idarsu mai shafi shi ke da alhakin tirafik ɗinsa ko wa ya turo, amma gara su ji daga bakinka.

Aunty_Lissafi

Kuma ƙanina ka rubuta ranakun nan a wani wuri, don in ka zo kwatanta wannan watan da na gaba ka tsallake su. Turo min link ɗin shafin ta akwatin saƙo in duba maka Search Console ɗin ko ka haɗa shi daidai.