Kafin zuwan tarakta da injin ban ruwa, ya manoma da makiyaya suke riƙe ƙasa da ruwa a gona?

Dalibin_Noma:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu sanin tarihin noma. Duk inda ake maganar zaizayar ƙasa sai ka ji an kawo guguwar ƙurar nan ta Amurka ta shekarun 1930, a ce wai daga nan aka fara kare ƙasar noma. To kafin nan manoma ba su da wata dabara ne, ko kuwa akwai ta aka watsar? Sannan su masu manyan gonakin kiwon shanu da ba garma suke ja ba, me suka yi? Abin yana damuna sosai, don ƙasar saman gona in ruwa ya kwashe ta, wanda ya yi asarar ba zai ga dawowarta da idonsa ba.

Baba_Mai_Garma:
Wa alaikumus salam ɗana. Akwai dabara tun kafin nan, har a Amurkar ma. Tun farkon shekarun 1800 Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, yake yabon yadda mijin 'yarsa ke yin huɗa a gicciye, wato kunya ta bi ƙugun tudu maimakon ta miƙe daga sama zuwa ƙasa, kowace kunya ta tare ruwa ta ba shi lokaci ya nutse. A 1885 kuma wani manomi a jihar Karolaina ta Arewa, Priestley Mangum, ya fito da wata doguwar kunya mai faɗi wadda za ka iya shuka a kanta, tana karkatar da ruwa a hankali zuwa gefen gona.

Abin da ya faru a filayen tsakiyar ƙasar daban ne. Wajen nan asalinsa ciyawa ce gajera mai saiwa a cukuikuye, ita ke riƙe da ƙasar ko an yi fari. Gwamnati ta raba wa mutane filaye, eka 160 a dokar 1862, daga baya eka 320 a dokar 1909, sai alkama ta yi tsada lokacin yaƙin duniya na ɗaya, ga tarakta ta shigo, aka bi ciyawar nan aka kifar da ita kaf, kuma garmar da suke amfani da ita mai faifai ce, niƙe ƙasa take yi ta koma kamar gari. Da fari ya zo a shekarun 1930 alkama ta ƙi fita, gona ta zauna tsirara, iska ta samu abin ɗauka. A watan Mayun 1934 ƙurar sai da ta kai Washinton da Niyok, ranar 14 ga Afrilun 1935 kuma aka yi wadda ta mayar da rana dare a Okalahoma da Tekzas. Kwana 13 bayan haka aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kare ƙasar noma, Hugh Bennett ne shugabanta na farko, mutumin da ya daɗe yana gargaɗi ba a saurare shi ba.

Kuma ka duba abin da suka koya wa manoma, babu wani abin mamaki a ciki. A kwarin Coon Creek na jihar Wiskonsin, inda aka fara gwaji a 1933, gangare suka yanka layi-layi a gicciye, wannan layin masara, na ƙasa da shi ciyawar dabbobi, sai wani na hatsi, ruwan da ya gudo daga masara ɗauke da laka in ya shiga ciyawa sai ya rage gudu ya ajiye lakar. Hanyar da ruwa ke bi ya fita daga gona aka daina nome ta aka bar mata ciyawa, tudun da ya cika tsayi aka kewaye shi aka hana shanu hawa. Kwazazzabo kuma samarin da gwamnati ta ɗauka aiki suka dinga toshe shi da duwatsu da rassa. Inda iska ce matsalar aka dasa shingen bishiyoyi, daga 1934 zuwa 1942 an dasa wajen miliyan 220 daga Dakota ta Arewa har Tekzas. A Kanada wani manomi, Charles Noble, ya ƙera garma mai wuƙa da ke bi ta ƙarƙashi ta yanke saiwar ciyawa amma ta bar karan alkama a tsaye a sama. Wannan ta fi burge ni duk cikinsu, don karan nan shi ke karya iska, shi ke hana rana shanye lema.

Malama_Ruwa:
Baba ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai ƙarin da zan yi, kar mu tsaya a Amurka, su a makare ma suka zo. Mutanen Inka a Peru sun sassaƙa duwatsu matakala-matakala, kowane mataki da katangar dutse, a ƙasa tsakuwa don ruwa ya tsane, a sama ƙasar shuka, har yau wasu ana nomawa. Mutanen Konso a Habasha ɗaruruwan shekaru suna gina irin wannan katangar ba siminti, UNESCO ta sa wajen cikin kayan tarihi a 2011. A Iran kuwa rami suke haƙawa a ƙarƙashin ƙasa daga gindin dutse, da ɗan gangare kaɗan, ruwa ya gangaro da kansa har gona ba tare da rana ta taɓa shi ba, ga rijiyoyi a jere a samansa da ake shiga a yashe. Abin da nake so ka lura da shi ƙanena, babu ɗaya cikin waɗannan da mutum ɗaya zai iya riƙewa. Katanga ɗaya ta rushe a sama, ruwan zai tattaru ya fasa ta ƙasa da ita, haka har gindin tudu. Shi ya sa duk inda matasa suka watse suka bar gyara, matakalar ke zubewa.

Dalibin_Noma:
Na gode Baba, na gode Malama. Saura maganar masu kiwo don Allah.

Makiyayi_77:
Malam bari in ɗan taɓa wannan. Su matsalarsu yawan baki ne a kan ciyawa. Filin gwamnati a yammacin Amurka kowa ke sakin dabbobinsa, wanda ya rage nasa wani ne zai cinye ciyawar, to wa zai rage? Tun sanyin 1886 zuwa 1887 da shanu suka mutu birjik an ga alama, amma sai 1934 aka yi dokar kiwo ta Taylor, aka yanka filin gunduma-gunduma, sai da izini za ka yi kiwo, an ƙayyade maka kai nawa da wata nawa, kuma ka biya. A shekarar ce ma gwamnati ta sayi miliyoyin shanu daga hannun masu su saboda fari.

A cikin gonar kiwon kanta, babban aikin shi ne raba wa shanu wajen shan ruwa. Saniya ba ta son nisa da ruwa, in mashaya ɗaya ce za ka ga kewayenta an cinye an tattake ya zama fako, can nesa kuma ciyawa ta tsufa ba wanda ya taɓa. Sai suka dinga yin ƙananan madatsu na ƙasa a bakin kwari su tara ruwan sama, suna kafa famfo mai fanka da iska ke juyawa a wurare daban-daban, har gishirin lasa ma nesa da ruwa ake ajiye shi da gangan don ya ja dabbobi can. Waya mai ƙaya ta ba su damar raba fili kashi-kashi, a ci wannan a hutar da wancan har ciyawa ta zubar da iri. Akwai kuma 'yan ganuwoyi da suke yi a hanyar ambaliya, ruwan da zai bi kwari ɗaya ya haƙa rami sai ya bazu a fili ya jiƙa shi.

Amma ba duk abin da hukuma ta kawo ne ya yi daɗi ba fa. A kudancin ƙasar har biyan manoma aka yi su dasa wata ciyawa mai yaɗo daga Japan, kudzu, don ta rufe kwazazzabai. Ta rufe ɗin, sannan ta haye bishiyoyi da turakun lantarki, a 1953 aka cire ta daga jerin abin da ake ba da shawarar dasawa, yanzu yaƙi ake da ita.

Baba_Mai_Garma:
Makiyayi ka kawo abu mai muhimmanci. Kuma maganar Malama ta haɗin kai, Bennett shi ma ya gane haka, ma'aikaci daga birni ba zai iya tilasta wa manomi ya sauya huɗa ba. Shi ya sa a 1937 aka fara kafa gundumomin kare ƙasa da manoman yankin ke zaɓa su kuma jagoranta, ta farko a Brown Creek, yankin da shi Bennett ya fito, yau sun kusa 3,000.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake sakin aikin da zarar an samu sauƙi. Da damina ta dawo a shekarun 1940 aka sake kifar da ciyawa, fari ya dawo a shekarun 1950 ƙura ta sake tashi, duk da ba ta kai ta farko ba. Daga baya injin ban ruwa mai kewayawa ya yaɗu, ana zuƙo ruwan Ogallala, wato babban ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar filayen nan, shingen bishiyoyi da yawa aka tumɓuke su don suna tare wa injin hanya, ruwan nan kuma a kudancin yankin zuƙarsa ake yi fiye da yadda sama ke mayarwa, a wasu sassan Kansas da Tekzas rijiyoyi sun riga sun ja baya har wasu sun koma noman damina. Waɗanda suka koma ɗin, barin kara a gona da huɗa a gicciye su ne abin da suka sake ɗauka.

Dalibin_Noma:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Baba in ka samu lokaci ka ɗan yi mana bayanin yadda suke auna layin gicciyen nan ya zo daidai ba tare da na'ura ba, don nan ne na ga aikin zai fi wuya.