Kilam ɗin katako mai sukuru biyu, ina ake samu ko yaya ake haɗa shi?

Kafintan Jega:

Assalamu alaikum masu sana'a. Don Allah akwai wani kilam, wato abin matse katako, da nake ta gani a bidiyon kafintocin Turawa, baki biyu ne na katako masu kauri da sukuru biyu, mariƙi ɗaya ta wannan gefen ɗaya ta wancan, sai ka ga mutum ya kama mariƙan biyu ya wulwula shi kamar fedar keke nan take ya buɗe ko ya rufe. Suna ce mai hansukuru. Na zagaya kasuwarmu na je Birnin Kebbi, kowa sai ya miƙo min na ƙarfe. Na ƙarfen kuma ya ishe ni, satin da ya wuce ma na haɗa saman tebur na madaci na matse da shi, da safe na kwance sai ga shatin bakinsa ya nutse cikin katakon ga wani baƙin tabo inda gam ya taɓa ƙarfen, sai da na sha sanfefa kafin ya fita kuma mai kayan ya gani bai ji daɗi ba. Sannan ƙafar kujera mai tsukewa ta ƙasa sam ba ya riƙe ta, zamewa yake. To ina ake samun irin wancan, in kuma ana iya haɗawa a gida wane ice ya kamata?

Tsohon Yauri:

Wa alaikumus salam ɗana. Abin ga da kake tambaya ba sabo ba ne, maigidan da ya koya muna aiki yana da guda huɗu kuma duk da hannunai ya yi su, ko ƙusa ɗaya babu a jiki, sukurun ma na icce ne. Mu da munka tashi bakin ruwa muna gyaran jirage da shi muke riƙe katako in za a lanƙwasa, don ƙarfe bai shiri da ruwa.

Ka gane yadda yake aiki tukuna, in ka gane wannan sauran duk sauƙi. Sukurun tsakiya jawowa yake, na baya turawa yake. Bakin farko ka huda shi a tsakiya huda mai faɗi wadda sukuru zai wuce sakayau ba ya kama komai, kan sukurun ne kawai zai tokare daga waje. Baki na biyu shi ne mai zare, wato tsagin nan mai zagayawa da sukuru ke bi, a ramukka biyu, tsakiya da baya. Sukurun baya ta wancan gefen yake shigowa, ya bi zaren baki na biyu, tsininsa ya faɗa wani ɗan gurbi marar zurfi da ka yi a cikin bakin farko, bai hudawa ya fita. To in ka daidaita buɗin da na tsakiya sai ka murɗa na baya, yana buɗa gindin, gaba kuma tana cijewa. Ƙarfin matsewar duk daga na baya yake zuwa, yara da yawa sai su yi ta murɗa na tsakiya suna cewa abin bai riƙo.

Icce kuma ƙirya ko marke. Ƙirya ita ce ta turmi da taɓarya, ka san ba a yi mata wannan aikin don wasa ba. Kuma kada ka je neman ɗanye, yanzu ma daji bai shiguwa yadda anka saba. Bi gidaje ka nemi tsohuwar taɓarya da ta kare ko ta tsage baki, mata na jefarwa ko su sa a murhu, wannan ta shekara goma tana bushewa kuma jijiyarta a miƙe take, sukuru biyu za ka fitar daga guda. Bakin kuma madaci busasshe ya isa, ko tsamiya in ka samu, ko aduwa da ake sassaƙa allo da ita. Malaina da farin katakon rufi kada ma ka fara, zaren zai marmashe ranar farko. In ka yi da ɗanye, hunturu na shigowa ramin ya tsuke ya zama kamar ƙwai, sukurun ya ƙi juyawa ko bakin ya tsage.

Mai Walda Gusau:

Baba Allah ya ƙara lafiya, bayaninka ya fita, amma gaskiya ni ba zan ba shi shawarar sukurun ice ba. Yanke zare a jikin sanda da hannu ana iyawa, ka zana layi ka bi da zarto da fayil, amma zaren cikin rami fa? Sai da abin yanka zare na katako, ni kuma ban taɓa ganinsa a shago nan Gusau ba sai dai a yi oda. Kuma damina na zuwa ice ya sha danshi ya kumbura ka zo murɗawa ya ƙi.

Oga Kafinta ga hanya mai sauƙi. Je wurin masu kayan gini ka sayi rodi mai zare tun daga sama har ƙasa, mai lamba 12, mita ɗaya ake sayarwa, da noti da washa, notinsa sifana 19 ke kamawa. Mita ɗaya ta ishe ka kilam ɗaya har da saura. Katako biyu inci 2 da 2, tsawo inci 10 ko 12, ka haɗa su wuri ɗaya ka yi alama tare don ramukan su yi daidai, na tsakiya a tsakiya na baya kamar inci ɗaya da rabi daga ƙarshe. Ramin da rodi zai wuce ka yi shi da bit 14 ya samu wurin wasa kaɗan. Noti kuma ka sassaƙa masa gurbi mai kusurwa shida ka dasa shi cikin katakon ya zauna daram. Cikin gurbin da tsinin na baya zai tokara ka sa ɗan faifan ƙarfe, in ba haka ba a hankali zai ci katakon ya fito ta waje. Mariƙi ko dai ka kawo a yi ma walda da guntun rodi a gicciye, ko ka feƙe na katako ka huda ka sa fin ya ratsa. Gaban bakin ka fere shi ta waje ya ɗan yi siriri don ya shiga lungu.

Aibinsa ɗaya, zaren lamba 12 ƙanana ne, juyi ɗaya bai kai milimita 2 ba, za ka yi ta murɗawa. In kana son mai sauri je wurin 'yan gwangwan ka nemi tsohon jak ɗin ƙaramar mota mai kamar almakashi, sukurun cikinsa zarensa manya ne masu faɗin baki kuma da notinsa yake zuwa, guda biyu ka gama. Ni da shi na yi bais ɗin benci na.

Malamin Fasaha BK:

Sannunku da ƙoƙari. Ina koyar da aikin katako, bari in ɗan raba abu biyu da aka haɗa. Wanda Baba ya bayyana shi ne tsohon samfuri kuma zarensa duk na dama ne. Wanda Malam Kafinta ya gani ana wulwulawa kamar keke shi ne samfurin Jorgensen, kamfanin Adjustable Clamp da aka kafa a Chicago ta Amurka a 1903 shi ya yi suna da shi. A wannan, kowane sukuru rabinsa zaren dama ne rabinsa na hagu, irin na fedar hagu ta keke da ake kwancewa a juye, shi ya sa juyi ɗaya ke motsa baki biyun tare. Notin kuma ba mai kusurwa ba ne, guntun ƙarfe ne mulmulalle kamar ganga da aka huda a gicciye, yana juyawa cikin katakon, to wannan juyawar ita ke ba shi damar karkata ya kama abu mai tsukewa irin ƙafar kujerar da kake magana. Mai baki inci 10 yana buɗewa wajen inci 6, kuma yana miƙa hannu ciki wajen inci 5, rabin tsawonsa kenan, abin da ƙaramin kilam na ƙarfe ba ya yi.

Ana sayar da ƙarafan kawai ba katako, sukuru biyu, noti huɗu da mariƙi, kai ka yi bakin da icenka, kuma ya fi sauƙin kuɗin dako tunda katakon ne nauyin. In za ka yi oda ta intanet wannan za ka nema. In kana da mai zuwa Kano ko Kaduna ya leƙa Ƙofar Ruwa ko Panteka wurin masu kayan aiki na gwanjo, amma ka tura masa hoto don suna ba zai taimaka ba. Mai injin tana, wato injin da ke juya ƙarfe yana sassaƙa shi, da ya san aikinsa ma zai iya yanka maka zaren hagu da dama a rodi ɗaya, injin na yi.

Amma ni ra'ayina kar ka fara da wannan. Fara da na Mai Walda, ka yi biyu ka yi aiki da su wata ɗaya. In ramin tsakiya ka ɗan faɗaɗa shi ta tsawo zai karkata daidai gwargwado, ƙafar kujera ba wani karkata mai yawa take so ba. Baƙin tabon nan kuma ba laifin gam ɗinka ba ne, ruwan da ke cikin farin gam ne ya haɗa ƙarfe da sinadarin da ke jikin madaci, wanda ke sa ɓawonsa bauri, haɗuwarsu baƙi take bayarwa. Ko a na katakon ka kula rodin kar ya jingina da layin gam.

Kafintan Jega:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na samu tsohon ƙyauren madaci na yanka, na sayi rodi na yi yadda Oga Mai Walda ya ce, ya yi kyau a ido wallahi har maƙwabcina ya zo kallo. Amma ina matsewa da ƙarfi sai notin baya ya yi tsalle ya fito daga gurbinsa rodin ya saki. Na mayar na sa gam mai ƙarfi ya sake fitowa. Ina na kuskure? Duka notin biyu ta waje na dasa su.

Mai Walda Gusau:

Laifina ne Oga ban faɗa ba, yi haƙuri. Tuna maganar Baba, na tsakiya ja na baya turi. Notin tsakiya ta waje yake zama saboda jawo shi ake yi yana ƙara nutsewa cikin katako. Na baya kuwa ta ciki za ka dasa shi, fuskar da ke kallon ɗan'uwanta, don in tsinin ya tokari wancan bakin, notin baya ake turawa, in yana ciki katako ne a bayansa ya tare shi, in yana waje iska ce a bayansa. Ba gam ɗin da zai riƙe wannan. Ba sai ka jefar da katakon ba, toshe tsohon gurbin da guntun ice ka sake hudawa ka sassaƙa sabo ta ciki, sai dai ka tabbata naman da ya rage tsakani ya kai inci ɗaya ko fiye.

Tsohon Yauri:

To madalla, kun ga ɗan ƙarfen naku ma yana da nashi hali. Ni dai har yanzu ina nan kan na icce, na maigidanmu guda na wurina yana aiki, damina in ta zo kyandir nike goga ma zaren ya wuce sumul. Ɗana in ka gyara, goga kyandir ko kakin zuma a fuskar bakin biyu kafin ka fara aiki, in ba haka ba ranar da gam ya tsiyayo zaka wayi gari kilam da kujera sun zama abu guda, iccen ka ne ya manne da iccen mutane. Kada ka sa man gyaɗa ko baƙin mai, yana bin katako ya hana fenti kamawa. Kuma in ka matse ka duba bakin ya kwanta gaba ɗaya bisa aikin, in tsinin bakin kawai ya ciza gindi ya buɗe da yawa ke nan, sassauta na baya ka ɗan ƙara matse na tsakiya, in kuma ciki ya ciza tsini na lilo to ka sassauta na tsakiya ka ƙara na baya.

Kafintan Jega:

Baba na gane, na gwada da guntun katako yanzu haka ne kuwa. Na juya notin ya zauna, na matse ƙafar kujera biyu tun la'asar ba su motsa ba. Na kuma samo taɓarya wurin gwaggona, ta ce in dai ba tuwo zan daka da ita ba in ɗauka. Baba in na shigo Yauri ranar kasuwa zan iya zuwa da ita in ga na maigidan naku, ko zaren kawai in auna?

Tsohon Yauri:

Taho da ita, ka zo da fayil mai kusurwa uku da tef.