Shawarwari ga mai son zama mai horar da dawakin tsere

Waɗanda suka daɗe suna horar da dawakin tsere na jinsin Thoroughbred bakinsu ya zo ɗaya: ba a shiga wannan sana'a ta sama. Mutum zai fara da share barga da wanke doki, ya kai ga hawan atisayen asuba, ya yi shekaru yana mataimaki, sannan ya nemi lasisi. A Birtaniya hukumar tseren dawaki ta BHA ce ke bayarwa, a Amurka kuwa hukumar tseren kowace jiha.

Inda suka fi jan kunne shi ne ƙafar doki. Kullum da safe a shafa ƙafafun gaba da hannu. In an ji zafi ko kumburi a jijiyar bayan ƙwauri, a tsayar da gudu, a sa ƙanƙara, a kira likitan dabbobi. Jijiyar da ta yage takan ci watanni da yawa kafin ta warke, kuma takan sake yagewa. Doki ɗan shekara 2 ƙashinsa bai gama ƙwari ba, gaggawar ƙara masa nisa da gudu ce ke jawo masa ciwon ƙwauri. Dokin da ya bar hatsinsa kuwa, a auna zafin jikinsa. In ya haura digiri 38.5 na ma'aunin Celsius, kada ya fita.

Batun kuɗi ma ba wasa ba ne. Kason mai horarwa a kyautar tsere yawanci kusan kashi 10 cikin 100 ne, ba ya riƙe barga. Kuɗin kula na kullum da masu dawaki ke biya shi ne ke ciyar da ita, saboda haka a rubuta yarjejeniya, a kuma hana bashi taruwa.