SSDI ko SSI: kuɗin Hajjina zai hana a ba ni?

Ɗan Sito:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 53, ina zaune a Bronx a New York, Amurka, ina da green card, wato katin zama na dindindin. Shekara 14 na yi ina lodi a wani sito, ana cire min haraji a kowane albashi. Watan Maris aka yi min aiki a ƙashin baya, har yau a kan kujera nake salla, likita ya ce ni da ɗaukar nauyi sai dai kallo. Ina da dala 9,000 a banki da nake tarawa don Hajji, uwargida kuma tana aikin kula da tsofaffi. Jumma'ar nan wani a masallaci ya ce in kwashe kuɗin in tura wa ƙanena kafin in nemi kuɗin naƙasa, wai in sun ga ko dala 2,000 an gama da ni. Wani kuma ya ce ai sadaka ce, kada in zubar da girmana. Kaina ya kulle. Wanne ne gaskiya?

Maman Ɗalibai:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka taɓa kuɗin nan. Mutumin ya haɗa abu biyu ne, SSDI da SSI, don hukuma ɗaya ce, wato Social Security, ke biyansu, sunayen kuma sun yi kama.

SSDI inshorar naƙasa ce ta ma'aikata. Kashi 6.2 cikin ɗari da ake yanka a albashinka, mai aikinka ma ya sa 6.2, shi ne zubinka. Ana lissafi da maki, huɗu a shekara iyaka. Mai shekarunka, abin da za su fi dubawa shi ne ko ka tara maki 20 a shekara goman da suka gabaci ciwon. Kai da ka yi 14 a jere, wannan ba matsalarka ba ce. Ba ruwansu da asusunka, ba ruwansu da albashin madam. Abin da za a ba ka kuma ya danganta da abin da ka riƙa samu. To ina sadaka a nan? Guminka ne.

Maganar dala 2,000 ta SSI ce. Wannan tallafi ne na marasa hali, tsofaffi daga 65 da makafi da naƙasassu, ko da mutum bai taɓa aiki ba, daga baitulmali ake biya. Shi ne ake ƙirga maka dukiya: 2,000 ga mutum ɗaya, 3,000 ga ma'aurata, ban da gidan da kake ciki da mota ɗaya. Tun 1989 ba a ɗaga adadin ba, ka ji abin takaici. A 2025 mafi yawan abin da tarayya ke ba mutum ɗaya dala 967 ne a wata. Kuma ko SSI ɗin kake nema, kyautar da kuɗi don a ga ba ka da shi na iya sa a hana ka har wata 36.

Inda za ka sha aiki shi ne shaidar likita. Dole ciwon ya kai wata 12 ko a tabbatar zai kai, kuma ba su tsayawa kan lodi kaɗai, sai sun duba ko akwai wani aikin da za ka iya. Wuce 50 da ka yi na taimakonka a nan. Ka shirya wa wata biyar na jira da ba a biya, Medicare kuma, wato inshorar lafiya ta gwamnati, sai bayan wata 24 da fara biyanka.

Tsohon Direba:
Malam ka gode wa Allah da aka riƙa cire maka. Ni tasi na ja shekaru, kuɗi a hannu, lokacin haraji in rubuta ɗan abin da ba a rasa ba, ina ganin wayo ne. Da suga ya taɓa min ido na buɗe shafina na Social Security a intanet, sai ga shekaru a jere an sa sifiri, sifiri. Ranar ban iya cin abinci ba. Kai ma ka buɗe naka ka duba ko kowace shekara ta shiga. In an ƙi ka a karon farko kada ka zauna, kwana 60 gare ka na ɗaukaka ƙara.

Auta:
Ƙari kaɗan, Baba. Mahaifiyarmu SSI take karɓa, ta tafi biki gida ta yi wata biyu, ba mu san in mutum ya kwana 30 a waje ana tsayarwa ba. Da ta dawo sai da ta sake cika kwana 30 a ƙasa, na watannin da aka biya kuma muka mayar. Laifinmu ne, ba mu karanta takardar ba.

Ɗan Sito:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na buɗe shafin da taimakon ɗiyata, duk shekarun suna nan. Hajiya, takardun asibitin ni zan karɓo in kai musu, ko su ke nema da kansu?